Barkar Farko

Tun da soja suka koma bariki, ba a ƙara cin mutum a Kano ba sai bisa ƙa'ida. Ko dodon kududdufin bayan Fagge, wanda a da yake jan wanda ya ga dama, yanzu sai an yi yarjejeniya da shi.

Agnes ta san yarjejeniyar Alhaji Maje, don ita ta riƙe masa takalma a bakin ruwan. Tun rasuwar matarsa take zuwa daga Sabon Gari rainon 'yarsa Ikhlas, har an daina rage murya a gabanta. Kujerar kansila yake so. Ruwan ya yi kumfa, wata murya kamar ta mai mura ta ce a ba ta wanda ya fara yi masa barka.

"Da sauƙi," in ji Alhaji a mota. "Ranar sakamako maroƙa za su cika ƙofar gida. Wa zai yi cigiyar maroƙi?"

Ya manta maroƙi ba ya kwana inda ba tabbas. Ranar, jita-jita ta fara ba abokin hamayya nasara, duk suka kwasa suka yi can. Da sakamako ya fito bayan la'asar cewa shi ya ci, Alhaji ya dawo ya tarar da ƙofar gida wayam.

Agnes na yi wa Ikhlas kitso a tsakar gida suka ji tsayuwar mota. Yarinyar ta fizge, rabin kai a tsefe, ta nufi zaure.

"Ikhlas! Dawo, ɗankwalinki!"

"Inna Agi, Baba ne! Ni zan fara!"

Kwatar gidan, wadda ke bushe tun safe, ta soma shigo da koren ruwa daga waje. Agnes ta hango Alhaji a bakin zaure, hula a karkace, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Ta ga yarinyar ta ja numfashi.

"Barka, Alhaji!" Da muryar da take waƙa da ita a coci Agnes ta faɗa, har ta cika gidan.

Ya sauke hannuwa. "Madalla, Agnes," ya ce, bai dube ta ba. "Allah Ya bar zumunci."

Ta zaunar da Ikhlas ta ƙarasa kitson, tana matse kowane layi don ya daɗe. Ta ajiye maganin tarin yarinyar inda za a gani. Sannan ta gyara ɗaurin zani, ta bar jakarta a rataye, ta bi ruwan kwatar, wanda ya riga ya juya yana komawa.