Abincin da Ba Ya Buƙatar Yanka

Turai ta zare baƙar jijiyar bayan jatan lande na ƙarshe da tsinken sakace, ta jefa shi cikin kwano, ta murza lemon tsami a hannu don kashe ƙarni. Kicin ɗin nasu irin wanda in ka juya da sauri sai ka gaisa da bango ne, ga zafin Guangzhou mai manna riga da jiki. Daga falo ba ta jin komai sai fanka da ƙwas-ƙwas ɗin carbin surukinta, Alhaji Shitu, wanda ya dawo daga baje kolin Pazhou tun la'asar, ya zauna bai ce mata ci kanki ba.

Aurenta ne za ta ɗora a wuta, kuma ta sani. Ita bazawara ce 'yar Maraɗi da ta zo karatu, ta haɗu da Nababa a nan, aka ɗaura musu aure bayan waliyyinta ya wakilta wani ta waya. Alhaji bai hana ba, bai kuma sa albarka ba, cewa ya yi sai ya zo ya gani da idonsa. Shi kuwa Nababa namiji ne a tashar jiragen ruwa ta Nansha, inda yake loda wa 'yan Kantin Kwari kaya, yana iya daka wa direban babbar mota tsawa da Sinanci har mutumin ya rasa hanyar fita. Amma a gaban ubansa ko tari sai ya duba fuska tukuna. Idan tsohon ya ce a saki, Nababa zai yi kuka, zai rame, kuma zai saka. Shi da bakinsa ya gaya mata yadda abin yake a gidansu: Baba ba ya cin girkin matar ɗa sai ya yarda da ita, ranar da ya ci kuwa magana ta mutu.

Tun da ya sauka babu abin da ba ta gwada ba. Ta yi tuwon shinkafa da ragowar kukar da take ɓoyo kamar zinariya, ta yi dambu, ta yi farfesun rago. Kowane kwano yadda ya tafi haka yake dawowa, ko murfin ba a karkata ba. Shiru ma magana ce, ta kuwa ji ta sarai. Nababa yana ta rufa-rufa, wai Baba bai natsu da naman ƙasar nan ba ne, bai san wa ya yanka ba, alhali a wurin mahauci Musulmi mai farar hula take saya. Jibi tsohon zai koma Kano. Sai ga shi yau da rana Nababa ya kira ta yana haki, ya ce an riƙe masa kwantena ba zai dawo da wuri ba, amma albishir, Baba ya ce yau a gida zai ci abincin dare.

To tunda nama ne ƙorafin, ta ce a ranta, bari ta toshe wannan ƙofar gaba ɗaya. Abin ruwa ba ruwansa da wuƙar mahauci, babu malamin da ta sani da ya taɓa hana shi. Masara kuwa, Nababa ya sha ba ta labarin yadda Baba yake zama bakin gonarsa da damina ya ci gasasshiya har ya manta da abincin rana. Ta sauka kasuwar ƙasan bene, ta zaɓo jatan lande masu tsalle a cikin baho, ta ɗauko ɗanyar masara mai zaƙi da kwalin kirim ɗin madara na girki. A hanya har murmushi take yi ita kaɗai, tana jin ta yi dabara.

Ta narka bota a babban kasko, ta jera jatan landen. Nan da nan suka bar ruwan toka suka koma ja-ja, suka lanƙwashe, ta kwashe su tun kafin su zama robar silifa. A cikin wannan man ta zuba albasa da tafarnuwa, sannan ta tsayar da masarar a faranti tana yanko ƙwayar daga jikin totuwa da wuƙa. Ta bar ta ta soyu har gefenta ya fara ƙuna, ta barbaɗa yajin da innarta ta daka mata, ta rage wuta, ta tsiyaya kirim. Ruwan ya yi kauri, yana ɗan ɓul-ɓul a hankali. Ta mayar da jatan landen ciki, ta watsa lawashi a kai. Wata 'yar ajinsu ce ta koya mata wannan girki, kuma duk ranar da ta yi shi sai Nababa ya suɗe kaskon da burodi yana cewa kada ta gaya wa kowa a Kano. Ta ɗanɗana a tafin hannu, gishiri ya yi daidai.

Bayan magariba ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta durƙusa ta ajiye tire da 'yar shinkafa a gefe, idonta a kan tabarma. Ta ji an ɗaga murfi. Tun zuwansa ba a taɓa yin haka ba. Tsohon ya daɗe yana kallon farantin.

"Mene ne wannan mai lanƙwasa?"

"Jatan lande ne, Baba. Na ruwa ne, ba ya buƙatar yanka."

"Saboda ni kika yi wannan tunanin?"

Ta ce e, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Ya sake yin shiru mai tsawo, har ta fara shirin ɗauke tiren. Sai ya ce ta bar shi, ta je. Ta ja da baya ta shige kicin ta turo ƙofa, domin matar ɗa ba ta tsayawa a kan suruki yana cin abinci, ko a Maraɗi ko a Kano.

Ta jingina da ƙofar tana saurare kamar ɓarauniya a gidanta. Can sai ta ji cokali ya taɓa faranti. Ya sake taɓawa. Ya ci gaba da taɓawa, a hankali, irin cin mai haƙoran da suka ga jiya. Ta toshe baki da gefen mayafi. Da ƙarar ta koma ta kankarar ƙasan faranti, sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Ke 'yar Maraɗi."

"Na'am, Baba," ta amsa daga bayan ƙofa.

"Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe mini yaron nan da kyau, ba shi da wayo."

Muryar ta ɗan dishe, amma wa yake lura da dishewar muryar tsoho a irin wannan lokaci? Turai ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar aurenta na fari. Daɗi ne ya cika ta. Ta ɗauko waya za ta gaya wa Nababa, ta fasa, ta ce wannan ba labarin waya ba ne, sai ta ga fuskarsa.

Da ta rufe famfon ne ta ji tari. Ta ce yaji ne, ai da ma innarta ba ta san tausayi ba in tana daka. Ta ce, "Sannu, Baba," daga inda take, ba a amsa ba. Tarin ya canza, ya zama wani siririn fito kamar na buta a kan wuta. Ta kama mariƙin ƙofa, ta saki. In ya kwance maɓallin riga fa? In amai ya zo masa, ta shiga ta gan shi a haka, da wane ido zai sake kallonta? Yau da aka sa mata albarka, yau za ta nuna rashin ta-ido? Haka aka rene ta, haka aka rene mu duka, an koya mana ranakun da ba a buɗe ƙofa, an manta a koya mana ranar da ake ɓalle ta. Ta sake cewa sannu, ta tsaya tana jira, har ta ji kofin ruwa ya faɗi ya gangara.

Da ta shiga ba ta gane shi ba. Leɓɓansa sun kumbura, idanun sun kusa rufewa, hularsa na ƙasa, hannu ɗaya a maƙogwaro, ɗayan yana lalube a iska. Farantin yana gabansa tas, ya cinye masarar, ya share romon da shinkafa. Jatan landen ne kawai ya tsince, ya jera su a gefe ɗaya bayan ɗaya, bai ci ko guda ba.

Ta kira motar asibiti, Sinancin da ta yi shekaru tana koyo ya tsere mata, sunan layinsu ma sai da ta maimaita. Ta durƙusa ta tallafo kan mutumin da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta fizge wuyan rigarsa har maɓallai suka watse, tana karanta masa duk addu'ar da ta zo bakinta. Lungun nasu mota ba ta shiga, kuma benen ba shi da na'urar hawa. Sai da ma'aikatan suka hau da ƙafa, suka yi masa allura a cinya, maƙwabcinsu mai gyaran babur ya kama musu suka sauko da shi. Kafin su kai bakin titi fiton ya daina.

A asibiti wata likita mai gajeren gashi ta fito ta yi mata bayani a hankali, ganin baƙuwa ce. Ta ce akwai jikin da ba ya shiri da abin ruwa mai ɓawo, kuma tsince shi ba ya hana komai, tunda ya riga ya dahu a cikin romon. Sun samu zuciyar ta dawo, na'ura ce take yi masa numfashi, amma ƙwaƙwalwa ta daɗe babu iska, ba za ta yi alkawarin zai farka ba. Ta tambayi tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin fara tarin da kiran mota. Turai ta dubi hannunta, har yanzu yana ƙanshin tafarnuwa, ta ce ba ta duba agogo ba.

Nababa ya iso can bayan isha'i da rigar aiki, ya tsaya a jikin gilashi yana kallon ubansa da tiyo a baki. Bai gama jin bayanin Turai ba wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Hindu ce, babbar yayarsu, mace mai muryar da ba ta buƙatar a buɗe lasifika. Ya gaya mata abin da ya faru, Turai kuwa ta ji komai daga kujerar da take. Hajiya ta ce babu wanda bai sani ba a gidansu, tun wata tafiya da Baba ya yi Legas yana saurayi ya sha miya mai jatan lande fuskarsa ta kumbura, marigayiya mahaifiyarsu ko garin wannan abu ba ta bari ya shigo gida. Nababa ya ce wallahi shi bai sani ba, yaushe ya taɓa shiga madafi. Ta ce to shi bai sani ba, ita ma matar tasa da ta ji jibi za a yanke magana a kanta ba ta sani ba ke nan? Ta ce ya bar mata kunne a buɗe, tana tara sauran 'yan'uwa.

Zargin bai shiga Turai ba tukuna, wani abu ne ya riga shi. Ashe tsohon ya sani. Wannan dogon shirun da ya yi a kan farantin, lissafi yake yi. Kalma biyu sun ishe shi, ya ce ba ya ci, amma ya san yadda za ta ji su bayan duk kwanukan da ya mayar, kuma kunya ba za ta bar shi ya zauna yana yi wa matar ɗansa bayanin lalurar jikinsa ba. Sai ya tsince abin ya ture gefe, yana zaton iyakarta ƙaiƙayi da kumburin kwana ɗaya. Tausayinsa da ƙaunarsa suka taso mata lokaci guda, ta ji da ma ya mayar da wannan kwanon kamar sauran.

Nababa ya zo ya zauna, ya bar kujera ɗaya a tsakaninsu. Ba ta zaton da gangan ya yi, amma ta gani. Ya daɗe yana murza wayar a hannu kafin ya tambaye ta ko Baba ya ce wani abu.

"Ya sa mini albarka," in ji ta. "Ya ce in riƙe ka da kyau."

Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya cika. Ta ga ya yarda, ta kuma ga yana auna maganar da kunnen mutanen Kano. Da ya buɗe baki babu faɗa a muryarsa, roƙo ne ma ya fi yawa a ciki.

"Akwai wanda ya ji?"

Ta dubi gilashin, inda ƙirjin tsohon yake hawa da sauka da ikon na'ura.

"Ni kaɗai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Wayar ta sake ƙara a hannunsa, ya duba sunan, ya miƙe ya tafi can ƙarshen baranda, inda ba za ta ji ba, sannan ya ɗauka.