Kamfani Uku Na Neman Fusako

Shekara ashirin da biyu Fusako tana jan babbar motar kifi daga tashar jiragen ruwa ta Yaizu, ba wanda ya taɓa roƙonta komai sai dai ta matsa da mota. Sai ga shi a satin da ubangidanta na wurin aiki ya ce tsufa ya kama shi zai rufe kamfani, wayarta ta hana ta sakat. Direbobi sun yi ƙaranci a gari. Kamfani uku suka kira ta, ɗaya har da aiko mata kwalin alewa gida.

Ranar Alhamis da tsakar rana ta faɗa shagon taliyar ƙawarta Kinuyo, tana tafe tana rangaji kamar mai jin kiɗa.

"Kinuyo, dube ni da kyau. Me kika gani?"

"Tsohuwa mai ƙarnin kifi."

"Makauniya! Zinariya ce a gabanki. Maza uku ke bi na!"

Genzo, wani direba da suka daɗe suna haɗuwa a hanya, ya ɗago kai daga kwanonsa. "To zinariya, nawa suka taya?"

Fusako ta fizgi takardar jerin abinci, ta juya bayanta, ta ja layi biyu. Sunayen kamfanonin sun yi mata tsawo, don haka ta raɗa wa masu kamfanonin nata sunayen. Na farko Mai Turare, wani matashin manaja da ƙamshinsa ya sa ta atishawa, shi da kilomita yake biya. Na biyu Daɗin Baki, mai alewa, zai ba ta kaso cikin kuɗin kowane lodi. Na uku tsoho Unno ne, albashin wata kawai, kuma nasa ne mafi ƙanƙanta. Da ta je ofishinsa, a gabanta ya sake zuba ruwan zafi a ganyen shayin da aka riga aka sha. Ta rubuta Marowaci, ta ja masa layi a ƙasa.

"Kilomita zan bi," in ji ta. "Ku ga lissafin! Zan sayi kujerar nan mai tausa."

"Ki yi tausa a ina?" in ji Genzo. "Ki kai kifi Tokyo, su shanya ki awa huɗu kafin a sauke. Taya ba ta juyawa, ke ma ba ki da ko yen ɗaya."

"To kaso."

"Watan da teku ta yi rowa fa? Alewar za ki dafa?"

Kinuyo ta ajiye mata kwano tana dariya. Fusako ta tsura wa suna na uku ido. Motocin tsohon tsofaffi ne amma tsaf suke, hanyarsa gajera, kullum za ta ci abincin yamma da mijinta. Ta rubuta a ƙasan sunansa: "Da zai biya awannin jira da shi zan bi, amma wannan ko tari ba ya yi kyauta."

Ta ɗauki hoton takardar, ta latsa waya don ta tura wa mijinta. Ta kai taliya baki ke nan idonta ya faɗa kan wayar, tsinkayen cin abincin suka suɓuce mata.

"Wayyo ni. Kinuyo, na tura wa Marowaci."

Genzo ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Kinuyo ta durƙushe bayan kanta tana riƙe da ciki. Fusako ta so ta yi kuka, dariya ta ƙi ba ta wuri, hawaye na zuba tana faɗin, "Ya karanta! Ga alama nan, ya karanta!"

Ba a yi minti ashirin ba wata 'yar farar akori-kura ta tsaya a ƙofa. Tsoho Unno ya shigo da hularsa a hannu. Fusako ta miƙe ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tebur.

"Baba, ka yi haƙuri, hannuna ne…"

"Ni ne Marowacin?"

"Kai ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Matata ta fi ki iya zagi. Ita Kwaɗon Ƙarfe take ce mini." Ya ja kujera ya zauna, ya jawo takardar. "Wannan mai turaren, direba huɗu suka gudu daga wurinsa bana. Ke dai kin taɓo abin da ya kamata. Jira ya wuce awa ɗaya, zan biya. Ba daga aljihuna ba, a kan 'yan kasuwar da suka tsayar da ke zan ɗora."

"A rubuce?"

"A rubuce. Ara mini biro, kada nawa ya ƙare."

Fusako ta buga wani ihu da ya sa mai wanke-wanke leƙowa. Ta rungume Kinuyo, ta kama hannun Genzo tana girgizawa, ta ce kowa ya ci abin da yake so, ita za ta biya.

Tsoho Unno ya kafa gilashinsa a hanci, ya bi jerin abincin da yatsa a hankali har ƙasa, inda masu tsada suke.

"Tunda haka ne," in ji shi, "a sa mini jatan lande biyu."