Goyon Suruki

Gyambon Malam Badamasi ya girmi jikokinsa duka. Tun shekarar da kaifin ciyawar kacala ya yanke shi a ƙwauri, yana gyaran gonar shinkafarsa a fadamar Auyo, ciwon ya samu wuri ya miƙe ƙafa. An sa zuma, an sa garin bagaruwa, an sha allurai a Haɗejiya har an gaji. Sai ya yi kamar zai rufe, sai kuma ya sake wangame baki. 'Yarsa Ummussalma ke wanke masa shi tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ta daina kawar da kai daga warinsa tuntuni.

Daga baya aka tura su wani babban asibiti a Kano, inda ake gwajin sabon magani. Likitar, wata mai suna Bashira, ba ta ɓoye musu komai ba.

"Baba, ɓargo za mu zuƙo daga ƙashin ƙugunka, mu tace ƙwayoyin da jiki ke gina sabuwar tsoka da su, mu zuba su a gefen ciwon. Gwaji ne, ban ɗaukar maka alkawari ba. Sai dai ka ji ni da kyau: ko ɗigon ruwan kogi kada ya taɓa ƙafar nan."

Aka yi masa zubin farko, suka koma gida. A ce wa mutumin fadama ya guji ruwa! Amma tsohon ya bi magana, abin mamaki. Ya zauna a soro yana cin rai, gonarsa na hannun mutane. Ba a jima ba bakin gyambon ya fara haɗowa, sabuwar tsoka ja-ja ta taso. Ranar da Ummussalma ta kwance bandeji ta ga haka, bayan ɗaki ta zaga ta yi kukan daɗi.

Ana gab da komawa Kano a yi zubi na biyu kogi ya ɓalle. Ruwa ya cinye hanya, ba fita sai a kwalekwale. Ummussalma ta naɗe ƙafar da leda ta ɗaure tam, mijinta Tasi'u ya tuƙa su. Shi Tasi'u tunda ya aure ta bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. Daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Mutanen gari har misali suke yi da wannan kunya tasu.

Sun hango kwalta ke nan, da motar da za su shiga tana jira, kwalekwalen ya maƙale a kacala. Abin da ya rage ɗan taƙi ne, amma ruwa ne baƙi ƙirin, iya gwiwa, mai ɗauke da duk abin da ya kwaso daga garuruwa. Tasi'u ya dira, ya juya baya, ya sunkuya, kansa a ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri a hau."

Malam Badamasi ya dubi bayan nan, ya dubi mutanen da ke tsaye a bakin titi, ya kawar da kai.

"Baba, don Allah," in ji Ummussalma. "Ka tuna abin da likita ta ce."

"Ke, rufe mini baki. Ni zan ɗare bayan mijinki kamar jinjiri, jama'a na kallo?"

"To bari in kirawo wani daga cikin mutanen can," in ji Tasi'u, idonsa a kan ruwan da ke gabansa, ya nufi titi.

Wannan ma ya fi ƙona wa tsohon rai, a tafi neman mai goya shi ana nuno shi da yatsa. Ya ce ledar ai ta isa. Ummussalma ta riƙe masa riga. Ya kalle ta sau ɗaya, sai ta sakar masa rigar. Tana ji tana gani ya zura ƙafa cikin ruwan. Bai yi nisa ba kututturen kacala ya keta ledar.

A Kano Likita Bashira ta wanke ciwon, ta ɗaga zubin, ta kwantar da shi. Duk da haka zazzaɓi ya rufe shi, jar tsokar nan ta koma toka-toka. An yi ta ƙarin ruwa da allurai. Ranar da sakamakon hoto ya fito, likitar ta ja Ummussalma gefe ta ce ruɓa ta kai ƙashi, ba sauran wurin da za a zuba ƙwayoyin, maganar da ta rage ta yanke ƙafar ce daga ƙasan gwiwa. Ummussalma ta rasa wa za ta yi wa fushi. Tsohon ya ce a kai shi gida ya yi shawara da 'yan'uwansa tukuna.

Da suka dawo bakin ruwan, ko tsayuwa ba ya iyawa. Tasi'u bai nemi izini ba, ya sunkuya ya saɓa shi a baya. Malam Badamasi ya ja hularsa ya rufe fuska. Ummussalma ta bi su a baya cikin laka, zaninta sharkaf, ta tallafe ƙafar da hannu biyu tana ɗaga ta sama kada ruwa ya taɓa.