Karan Garba Mai Fito

"Na takwas ya wuce," in ji Garba, idonsa a kan gulbi.

Ya jefa na tara. Karan ya bi ruwa lami lafiya, ya kai wurin da ruwa ke juyawa ƙarƙashin dutse, ya zaga sau biyu, ya nutse. Na goma ma haka.

Garba maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana ƙetarar da mutane a kan babban gora zuwa Bunguɗu, kuma bai taɓa shiga ruwan damina ba sai ya jefa karan dawa goma. In gulbi ya haɗiye ɗaya, ya shiga. In ya haɗiye biyu, ya koma gida.

"Yau babu fito, Malam."

Ni kuwa takardun jarrabawar ɗalibaina na ɗaure a ka. In ba su isa Gusau a ranar ba, shekararsu ta faɗi. Motar Gusau na jira a ƙetare.

Na yi masa bayani a hankali, yadda nake yi a aji. "Takwas cikin goma sun tsira, Garba. Rinjaye na wajenmu."

Ya yi dariya. "Malam, gulbin ga bai yi elemantare ba. Ka san wane kara ne kai?"

"Ba wanda ya sani."

"To, shi na gani."

Na ambaci sunayen yaran, har da ɗan ƙanensa. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tuɓe riga ya ba matarsa Delu, wadda ta kawo masa fura.

"Riƙe, kar ki shanye mini."

Na rungumi gora, yana tura shi da iyo. Muka ƙetare. Ko jiƙewa takardun ba su yi ba. Garba ya juya da goran zai koma. Ina hawa gaɓa na ji ihun Delu daga can. Da na waiga, goran kaɗai ke zagawa ƙarƙashin dutse.

Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa, wajen Karakkai.

Ran sadakar uku na shiga zaurensa. Delu ta gaishe ni daga bayan asabari. A kusurwa, kusa da tabarmarsa, ga karan da ya yanka na washegari, goma, tsayinsu ɗaya, ɗaure da kaba.