Ƙafar Hagu a Motar Haya

Dogo direban tifa ne, yashi da tsakuwa yake ɗauka. Ranar da za a sallami mahaifinsa, Baba, daga asibiti bayan an yi masa aiki a ciki, likita ya ja Dogo gefe ya ce ɗinkin bai gama kamawa ba, kada a bari jijjiga ta taɓa tsohon a hanya. Tifa dai ba ta ɗaukar mara lafiya. Sai Dogo ya nufi wurin masu ba da hayar mota.

Wadda aka ba shi ruwan toka ce, ba babba ba, ba ƙarama ba, irin mai sauƙin kuɗin nan. Kujerun yadi ne, cikinta na ƙanshin sabulu da ɗan warin sigarin wanda ya riga shi hawa. Da ya shiga sai ya ji kamar a ƙasa ya zauna, shi da ya saba hango rufin motoci daga sama. Ya murza makulli yana jiran ruri, shiru. Sai da ya ga allura ta motsa ya yarda ta tashi. Sitiyari kuwa ba nauyi, yatsa ɗaya ma ya isa juya shi.

Abu ɗaya ne dai: motar da kanta take canza giya, ba ta da kuloci. Ƙafar Dogo ta hagu kuma ba ta san da wannan zance ba.

Aka kwantar wa Baba kujerar gaba, Auta, ƙanwar Dogo, ta zauna a baya rungume da filas da ledar magani. Suna isa danjar farko, ƙafar hagu ta tafi neman kuloci kamar kullum, ta dira a kan birki da ƙarfin tifa. Mota ta durƙusa. Baba ya dafe ciki ya rintse ido.

"Yaya!" in ji Auta. Ta leƙo ta ɗaga rigar Baba. Bandejin fari tas.

Sai can Baba ya buɗe ido. "Dogo," ya ce a hankali, "ni fa ba yashi ba ne. Ba juye ni za ka yi ba."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ƙafar ce."

"To a kama ta mana," in ji Auta. "Miƙo takalmin nan."

Ya cire na hagun ya ba ta, ya naɗe ƙafar ya cusa ta can ƙarƙashin kujera. Daga nan ya fara sauraron motar. Birkinta ba ya son tsawa, ɗan shafawa kawai yake so. A hawan gada ta yi ta gunaguni kamar an aike ta ba ta so, amma ta hau. Ƙananan ramuka kuwa haɗiye su take yi, sai dai ka ji ɗan tuf daga ƙasa. Manyan, Dogo ya riƙa kewaye su kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Na bayansa suka yi ta hon, ya fito da hannu yana ba su hanya.

"Mai keke ma ya wuce mu," in ji Auta.

"Allah ya kai shi lafiya," in ji Dogo.

A ƙofar gida ya saki mai tun daga nesa, motar ta gangara ta tsaya, ko ruwan filas bai girgiza ba. Auta ta sake duba bandejin, ta gyaɗa wa Dogo kai.

Inna ta fito da sauri tana gyara mayafi, ta buɗe ƙofar gaba. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ku ɗan bar ni tukuna. Kujerar nan ta fi gadon asibiti."

Dogo ya bar injin a kunne, ya rage masa sanyin AC.