Dalmar Taru a Kan Sikeli

"Hau, Fugui, sikelin ba ya cizo," in ji Pu Zongli, yana gyara tabarau.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana auna masu tafiya rijiyoyin gas na tsakiyar teku a wannan ƙaramin filin jirgi na kudancin tsibirin Hainan a ƙasar Sin, domin jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi sai matuƙi ya san nauyin kowa. Kafin a zuba kwalta, a nan iyayensu suke shanya taru, shi da Hai Fugui suna guje-guje a tsakani. Tare suka yi karatu a masallacin ƙauye, tare suka ga saukar jirgin farko.

Fugui ya hau, allurar sikelin ta tsaya a kilo saba'in da takwas, kamar kullum.

"Ka gani? Rubuta, tsohon banza, jirgi na jira," in ji Fugui.

Pu bai rubuta ba. Ya dubi wuyan amininsa yana yawo cikin kwalar riga, ya dubi kumatun da suka faɗa. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙugunsa, sai ya ji tauri.

"Yaushe ka fara ƙashi a tumbi?"

Fugui ya waiga, ya sassauta murya. "Yaya, ka rufa mini asiri. In nauyi ya faɗi haka, wurin likita za su tura ni. Zuwa ɗaya ya rage in yi ritaya da ƙafafuna. Wa zai cutu? Jirgin dai abin da ka rubuta zai ɗauka."

"Sati uku a tsakiyar ruwa. In cikinka ya murɗa ranar guguwa, wa zai ɗauko ka?"

"Allah."

"Shi ne kuwa Ya ce a tsai da awo da adalci, kada a tauye sikeli. Ban taɓa tauye wa baƙo ba, sai kai?"

Fugui ya ɗaga rigarsa. Sannan ya kwance wata ɗamara daga ƙugunsa ya ɗora a tebur: dalmar da ke nitsar da tarun mahaifinsa ce, an ɗinke ta cikin ƙyalle. Allura ta koma saba'in da ɗaya. Pu ya yi bisimilla ya rubuta.

Suka zauna a bencin waje har jirgin ya ɗaga babu Fugui, iskarsa na kwantar da ganyen kwakwa.

"Ashe haka yake ƙanƙanta in ana kallonsa daga ƙasa," in ji Fugui.

"Kullum haka nake ganinka."

"Ba ni dalmata," in ji Fugui.

Pu ya saka ɗamarar cikin jakarsa, ya zaro makullin babur. "Amana ce a wurina. Ranar da ka cika saba'in da takwas da naman jikinka, ka zo ka karɓa. Tashi, asibiti da nisa, ga azahar ta kusa."

Fugui ya hau bayansa ya riƙe shi. Babur bai ko nitsa da nauyinsa ba.