Zo Ki Kwanta

Kofur Zubaida ta zo hutu Bagudo da niyya guda, ta ɗauki 'yarta Fatiha ta tafi da ita bariki. Tun da aurenta ya mutu, aka kuma tura ta fagen daga a dazukan Borno, yarinyar tana hannun kakarta Mairama, mahaifiyar Zubaida. Yanzu an dawo da Zubaida aikin ofis, an ba ta ciki da falo, har makaranta ta nemar wa yarinyar. Mairama ba ta ce a'a ba. Ta dai ce a bari su saba tukuna, don Fatiha ko hannun uwarta ba ta yarda ta riƙe.

Mutanen unguwa kuwa sai a bar su da halinsu. Waɗanda suka yi ta cewa mace da bindiga abin kunya ne, su ne yanzu ke turo yara a tambaye ta ko ta taɓa harbin mutum. Ita dai sai ta yi murmushi ta raba musu alewa. Duk sa idonsu, ba wanda ya lura ba ta zama sai bayanta na jingine da bango. Ita ma ba ta faɗa wa kowa ba cewa likitan bariki ya sha kiranta a kan maganar firgita, tana zillewa.

Sabo ya fara shiga. Rannan da hantsi Fatiha ta yarda ta zauna Zubaida ta yi mata kitso a tsakar gida. Ana cikin haka sai ga ayarin babura masu kai kaya iyakar Benin sun biyo ta bayan katanga. A Bagudo ko akuya ba ta ɗaga wa wannan ƙara kai. A inda Zubaida ta fito kuwa, babura da yawa a tare ma'anarsu ɗaya ce, an kawo hari, kuma cikin irin wannan ƙarar aka kashe ƙawarta Kubura, suna rami ɗaya.

"Kwanta!"

Kafin ta san abin da take yi ta kifa yarinyar da ƙasa, ta danne ta da jikinta, ta haɗa mata hannuwa a ƙeya. Sai da baburan suka yi nisa Mairama ta samu ta ɓamɓare ta. Leɓen Fatiha ya fashe, bakinta duk ƙasa. Tsohuwar ta wanke mata, ta ce wa maƙwabta faɗuwa ta yi. Ba ta yi wa Zubaida faɗa ba.

Zubaida ta lallashi kanta da cewa yaro mantuwa gare shi. Da alama ma gaskiyarta, don bayan kwana biyu yarinyar ta dawo tana bin ta har ɗaki, tana sa takalmanta na soja tana jan ƙafa. Har aka fara haɗa mata kaya a jaka.

Ana gobe tafiya, bayan azahar, Fatiha tana gyangyaɗi da kofin fura a hannu. Zubaida ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta buga gefenta, ta ce a hankali, kamar yadda kowace uwa ke cewa, "Fatiha, zo ki kwanta."

Yarinyar ta saki kofin. Nan inda take ta faɗi rubda ciki a cikin ƙasa, ta ɗora hannuwa a ƙeya, ta yi tsit. Can ta ɗan ɗago ido.

"Na iya?"

Zubaida ta ga abubuwa a daji ba ta yi kuka ba, amma wannan ya karya mata zuciya. Ta juya ga uwarta da ke tsaye da faifai.

"Inna, riƙe ta tukuna. Ni ba ni da lahiya. In na koma za ni wurin likita."

"Na sani, ɗiyata," in ji Mairama. "Jira nika yi ki hwaɗi da bakinki."

Fatiha kuwa tana nan kwance cikin furar da ta zube, tana jira uwarta ta ba ta izinin tashi.